Tsintsiyar Nomau da Birnin Danshi

Masu lambun Fadamar Kurya sun gaji wata magana daga kakanninsu. Sun ce a ƙarƙashin kowane lambu akwai ɗaki, a cikin ɗakin kuma akwai wata tsohuwa daga jinsin aljanu, wadda Allah Ya ɗora wa kiwon ƙasar wurin. Abin da mai lambu ya mayar wa ƙasa, shi ne abincin tsohuwar. Mutum ɗaya ne tak ya taɓa ganin ɗakin da idonsa, wato Nomau ɗan Cindo, shi ma bai ji daɗin ganin ba.

Nomau ya gaji lambun mahaifinsa yana da shekara talatin. Baƙar ƙasa ce mai laushi, in ka tura yatsu sai su nutse har wuyan hannu. Akwai gawo a tsakiya. A kusurwar gabas kuma akwai wani rami, inda marigayi Cindo yake tara ganye da kashin awaki da toka su ruɓe. Nomau ba rago ba ne, ƙazanta ce kawai ba ya so, kuma ya daɗe yana jin zafin sunan da ake kiran gidansu da shi, gidan mai juji. Saboda haka ana gama sadakar arba'in ya cike ramin, ya sare gawon don ganyensa na ɓata masa wuri. Kullum safiya sai ya share lambu kamar tsakar gida, ya tara sharar ya cinna mata wuta, tokar ma ya kwashe ya zuba a rafi. Kara da harawa kuwa kasuwa yake kai su. Albasa yake dasawa, ya cire, ya sake dasa albasa.

Mutane suka yi ta yabo. Suna cewa, "Lambun Nomau, ko tuwo ya faɗi ƙasa ɗauki ka ci."

A shekara ta biyar albasarsa ta koma kamar goro. A ta shida ta koma kamar gurjiya. A ta bakwai dashen ya yi ruwan ɗorawa ya kwanta tun bai yi wata ba. Ƙasa ta yi fari, ta ƙeƙashe, in ya ja jigo ya zuba ruwa sai ruwan ya gangare kamar an zuba a bayan tasa.

To, fadama ta gari ce, kuma gari yana da al'ada: lambun da ya yi rani uku bai ba da amfani ba, a karɓe shi a ba mai jira. Ran nan da kaka Sarkin Fadama Korau ya tsaya a bakin shinge, tare da Jatau, taubashin Nomau, wanda ya yi shekaru yana ban ruwa a lambunan mutane yana jiran nasa rabon.

Sarkin Fadama ya ce, "Ɗan Cindo, rani biyu ke nan muna kawar da kai saboda darajar mahaifinka. Ga na uku ya zo. Ranar da aka yi ruwan farko, in ban ga kwando goma na albasa a bakin shingen nan ba, lambu ya zama na Jatau."

Nomau ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, kakana ne ya sare wurin nan."

"Na sani. Al'ada ma kakanninmu suka sare ta."

Jatau ya leƙa ta kan shinge yana dariya. "Taubashi, kada ka damu. In na karɓa zan bar maka tsintsiyar, ita ce dai na ga tana yi maka yabanya."

Da suka tafi, rana ta take tsaka, fadama ta yi tsit. Baƙin ciki ya ɗebi Nomau, ya ɗauki garma ya nufi kusurwar gabas, ya dinga sara inda ramin ubansa yake, ko zai sami ɗan abin da ya rage. A sara na bakwai ƙasa ta rufta, sai ga matakala ta miƙe zuwa ƙasa. Ya yi bisimilla, ya rataya garma, ya sauka.

Ya tarar da ɗaki mai faɗin lambunsa daidai. Murhu ya yi sanyi, tukwane a kife, bango duk ya tsattsage. A bakin ƙofa ga wani buzuzu mai girman jaki a kwance, ƙafafunsa sun rame kamar sillen kara, ya rungume wani ɗan dunƙule da bai wuce lemo ba.

Nomau ya ce, "Salamu alaikum, mutanen wannan gida."

Buzuzu ya ɗaga kai ya ce, "Wa alaikumus salam, ya kai ma'abocin tsintsiya. Kai ba ka san mu ba, mu kuwa mun san ka. Shekara bakwai muna jin ƙarar shararka a kan rufinmu. Ni ne bawan Iya Ni'ima, mai kiwon ƙasar lambunka."

"Ina take? Ina da kuka wurinta."

"Kai ne mai kuka? Yunwa ta kayar da ita, an ɗauke ta zuwa Birnin Danshi, inda ake jinyar irinta."

Nomau ya ce, "Don Wanda Ya halicce ka, kai ni."

Buzuzu ya miƙe da ƙyar. "Zan kai ka, saboda gishirin gidanku da na ci a zamanin Cindo. Amma ka sani, ƙasashen da ke tsakaninmu da birnin, da hannunka ka gina su."

Suka fita ta wata ƙofa, suka shiga wani fili da ba a ganin iyakarsa, ƙasarsa ja ce mai tauri kamar maƙera, sama kuma kamar farantin tagulla. Ko'ina duwatsu ne masu siffar mutane, kowanne riƙe da ƙwarya. Suna cikin tafiya sai wani tsauni ya motsa, ya miƙe tsaye, ashe aljani ne mai kan dutse.

Ya ce da murya kamar ana jan turmi a kan fa, "Ni ne Sarkin Faƙo. Babu mai ƙetare ƙasata sai ya shayar da ita. Karɓi ƙwaryar ruwan nan, ya kai ɗan Adam. In ɗigo ɗaya ya gangaro ya taɓa ƙafata, ka shiga sahun waɗannan."

Nomau ya karɓa, har ya karkata ƙwarya zai sheƙa kamar yadda ya saba. Sai ya tuna ruwan jigonsa da ke gudu a bayan ƙasa, ya tuna kuma mahaifinsa ba ya ba fangali ruwa sai ya fara sassauta shi. Ya ajiye ƙwarya, ya kama sara. Garma tana tartsatsin wuta, tafin hannunsa ya fashe, jini ya jiƙa ƙota, bai tsaya ba sai da ya yi rami mai zurfin kamu guda. Ya farfasa hoge ɗaya bayan ɗaya har suka zama gari, ya mayar, ya ja ƙasa ya yi wa ramin baki, sa'an nan ya tsiyaya ruwa kaɗan-kaɗan. Ƙasa ta shanye, har tana wani ƙara kamar mai ajiyar zuciya.

Sarkin Faƙo ya kauce. "Wuce. Ashe ka sani, ƙi ka yi."

Daga nan suka faɗa tekun rairayi. Kowane taku sai ƙafa ta nutse har gwiwa. Nomau ya lura buzuzu yana ta ƙanƙancewa, daga girman jaki ya koma na akuya. A tsakiyar rairayin suka iske wata aljana doguwa, siririya kamar gora, bakinta buɗe kamar rijiya.

Ta ce, "Sunana Ƙishirwa. An zuba mini koguna, ban san inda suka bi ba. Ga ƙwarya, ya kai baƙo. Ka sa ƙasata ta riƙe danshi har inuwarka ta matsa taku guda, in ba haka ba in shanye ruwan jikinka, ka zama rairayi."

Nomau ya ɗiga kaɗan don gwaji, ruwan ya ɓace kafin ya ƙifta ido. Nan sara ba shi da amfani. Ya duba gabas ya duba yamma, ba ganye, ba ciyawa, ba komai, sai ɗan dunƙulen da buzuzu yake turawa.

Ya ce, "Mene ne wannan da kake riritawa?"

"Kashin awakin mahaifinka ne da ruɓaɓɓen ganye. Shi ne guzurina na ƙarshe. Ai kai ba ka taɓa irin wannan da hannu."

Nomau ya sunkuyar da kai. Mutumin da in ya taka kashin akuya sai ya wanke takalmi, yau shi ne ya durƙusa a gaban buzuzu, ya tara hannu biyu. "Ka taimake ni da shi, don Allah."

Buzuzu ya daɗe yana kallonsa, sa'an nan ya turo masa. Nomau ya marmashe dunƙulen da yatsunsa masu jini, ya cuɗa shi da rairayi, ya zuba ruwa, ya tuɓe hularsa ya rufe wurin don kada rana ta tsotse. Inuwa ta matsa taku guda. Aljana ta buɗe hular, ta taɓa, ta ji sanyi a yatsanta.

Ta rufe bakinta a karo na farko, ta ce a hankali, "Ashe haka ƙoshi yake. Wuce."

Ƙasa ta uku ba ta da sarki, ba ta da gwaji. Wani kwari ne cike da hayaƙi. Buzuzu kuwa, da yake ba sauran guzuri, ya koma kamar ɗan tsako, Nomau ya sa shi cikin hula ya rungume. Suna shiga hayaƙin ya fara magana da muryoyi dubu. Wani ya ce, "Mu ne ganyen gawo, an aike mu mu zama abincin Iya, ka ƙone mu." Wani ya ce, "Mu ne ɓawon albasarka." Wani ya ce, "Mu ne ciyawar da za ta yi mata mayafi." Ba su doke shi ba, idanunsa kawai suka shiga. Yini guda yana lalube yana tari, da ya fito idanunsa sun yi jajir suna zubar da ruwa, kuma haka suka zauna har ƙarshen ransa.

Sai ƙamshi ya buge shi, irin na ƙasa in an yi ruwan farko. Ga Birnin Danshi a gabansa. Ganuwarsa ta baƙar ƙasa ce, samansa kuwa saiwoyi ne ke reto kamar igiyoyi, kowace saiwa daga wani lambu na duniya ta sauko. Tana, wato tsutsotsin nan na ƙasa mai albarka, su ne 'yan dako a garin, kowace kamar igiyar guga, suna ta huda hanyoyi don iska da ruwa su wuce. A ƙofar kowane gida tsofaffi ne masu ƙiba, fata na sheƙi, suna daka suna waƙa.

Aka kai shi wata rumfa a bayan gari. Nan ya ga wata tsohuwa a kwance, fatarta ta yi fari ta tsattsage kamar kududdufin da ya ƙafe.

Ya durƙusa. "Sannu, Iya."

Ta buɗe ido. "Muryar Cindo, amma ba hannunsa ba. Kai ne Nomau. Ka zo ganin aikinka?"

"Iya, wallahi ban san kina nan ba. Ni tsabta na ɗauka ina yi."

"Kakanka yakan ci ya rage mini. Ubanka yakan ci ya rage mini, har ya sa mini gishirin toka. Kai ka ci, ka suɗe kwano, ka ƙone abin da ya zube. Ban riƙe ka a zuci ba, ɗana, amma yunwa ba ta san uzuri ba."

Nomau ya yi kuka, ko da yake ba a bambanta kukan da ruwan hayaƙi. "Me zan yi ki tashi?"

Ta laluba ƙarƙashin tabarma ta ciro wani ƙoƙo cike da baƙin gari mai laushi. "Wannan ne ragowar takin ubanka. Ka tone raminsa. Ka shimfiɗa kara da busasshen ganye, ka bi da kashin dabbobi, ka yayyafa toka, ka barbaɗa ɗan wannan, ka rufe da ƙasa. Haka za ka yi ta yi, hawa-hawa, har ya cika. Ka ba shi ruwa ya jiƙa, amma kada ya yi caɓi. Duk mako biyu ka juya shi. Ka soka sanda a ciki: muddin ta fito da zafi, bai nuna ba, ɗanyen taki ƙone saiwa yake yi. Sai ya huce, ya yi baƙi, ya yi ƙamshin garin nan, sa'an nan ka kawo mini. Kafin nan ka sassauta ƙasa ka shuka wake. In ya fara fure, kada ka jira 'ya'ya, ka kife shi cikin ƙasa da ganyensa. Ka lulluɓe ni da ciyawa, kada rana ta ga bayana. Ka kuma dasa gawo."

"Albasa fa, Iya?"

"Baɗi, in Allah Ya kai mu. Bana ko guda ba zan iya goyawa ba."

Nomau ya matso kusa da ita. Ya gaya mata hukuncin Sarkin Fadama, da kwando goma, da ruwan farko.

Ta ce, "Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da aka yi shekara bakwai ana kashewa ba ya tashi a wata biyar."

"To lambu zai fita hannuna ke nan. In kin warke, wani za ki ciyar?"

"Ni ban san suna ba, ɗan Cindo. Wanda ya tsaya a kaina, shi nake ba abin da na samu."

Nomau ya karɓi ƙoƙo ya fito. A ƙofar gari wani jan aljani, gajere, mai rawar jiki, ya tare shi yana murmushi, riƙe da ƙahon rago da aka toshe bakinsa.

"Ranka ya daɗe, mai lambu! Ni ne Ɗan-Gaggawa. Na ji tsohuwa tana ɗora maka wahala. Ga garin da ke cikin ƙahon nan, barbaɗa shi kawai. Kwana bakwai, kwando ɗari. Kyauta na ba ka."

Daga cikin hula buzuzu ya yi magana da 'yar muryar da ta rage masa. "Gaskiya ya faɗa, ya ɗan Adam, amma rabi. Garin nan matse Iya zai yi kamar tsumma, ta ba da duk abin da ke jikinta a girbi ɗaya, ta mutu. Bayan nan ko ƙaya ba za ta ƙara tsira a wurin ba har abada."

Ɗan-Gaggawa ya ɗaga kafaɗa. "Amma lambu na hannunka, da sunan kakanka a kai. Girbi ɗaya zai ba ka wasu shekara uku kafin a sake zancen karɓewa. Riƙe dai, ai riƙo ba barbaɗawa ba ne."

Nomau ya san ya kamata ya wuce. Ya karɓa, ya sa a aljihu.

Tana suka nuna masa wata busasshiyar saiwa, suka ce ta gawon da ya sare ce. Ya kama ta ya yi ta hawa, sai ga shi ya fito a gindin kututture a tsakiyar lambunsa, da hantsi, kwana bakwai bayan saukarsa. Buzuzu ya fita daga hula, ƙarami kamar kowane buzuzu, ya shige ƙasa.

Matarsa Tabawa ta gama kukan rashinsa, ta ga ya dawo da jajayen idanu. Ya zaunar da ita ya gaya mata komai, har da zancen ƙaho. Ta tashi ta ɗauko masa kwandon tokar murhunta.

Nomau ya tone ramin ubansa. Ya ɗaura wa jaki mangala ya bi gari gida-gida yana roƙon kashin awaki, ya bi masussuka yana kwasar ƙaiƙayi, ya bi gindin itatuwa yana tara ganye. Mutanen da suka yabe shi jiya suka toshe hanci in ya wuce.

Jatau ya ce, "Taubashi, daga sarkin shara ka koma sarkin juji? Allah Ya ƙara girma!"

Nomau ya ci gaba da aikinsa. Ya juya taki, ya soka sanda, ta fito da zafi, ya jira. Ya sassauta ƙasa, ya shuka wake. Waken ya fito da ƙyar, sa'an nan ya yi kore. Ranar da ya fara fure, Nomau ya sa garma ya kife shi duka. Masu lambu suka taru a bakin shinge suna salati. Wani tsoho ya ce, "Aljanun da suka ɗauke shi ba su dawo da shi duka ba." A wata na uku sanda ta fito da sanyi, taki ya yi baƙi ya yi ƙamshi. Ya kwashe ya baza, ya cuɗa da ƙasa, ya lulluɓe da ciyawa, ya dasa ɗan gawo, ya sake cika ramin.

Zafin bazara ya sauko. Gajimare ya fara taruwa a gabas. Wata safiya Tabawa ta ajiye masa koko, ta ajiye ƙahon a gefen kwano.

Ta ce, "Maigida, tsofaffi sun ce ruwa ba zai wuce kwana goma ba. Na yi maka biyayya, na ba ka tokata, na sha zunɗe a bakin rijiya. Amma lambun nan shi ne tukunyarmu. Wahalar da ka sha, Jatau za ka yi wa?"

"In na barbaɗa, ta mutu, Tabawa."

"In ba ka barbaɗa ba, ta rayu a hannun wani. Ita da bakinta ta ce ba ta san sunanka ba. Wanda bai san sunanka ba, don me za ka tsiyata kanka dominsa?"

Nomau ya san maganarta ba ƙarya a ciki. Ya ɗauki ƙaho ya nufi lambu, tana biye da shi. Ya tsaya a tsakiya, ya cire toshiyar. Sai ya ce bari ya taɓa ƙasar tukuna. Ya yaye ciyawa, ya tura yatsu, suka nutse. Ya damƙo, ya matse, ta dunƙule, ya taɓa ta da yatsa ta warware a hankali. A tsakiyar tafinsa ga tana guda, siririya, tana motsi. Ya kwanta ya kara kunne a ƙasa. Can ƙasa ya ji ƙarar taɓarya, a raunane, kamar dakan wadda ta tashi daga ciwo.

Ya miƙe, ya mayar da toshiya, ya fita daga fadama har wani dutse a bayan gari, ya juye garin a cikin tsaguwar dutsen. Nan take wata bishiya ta tsiro, ta yi reshe, ta yi fure, ta yi 'ya'ya jajaye har suna karya rassa, sa'an nan ta bushe ta zube ta zama farar toka, dutsen ma ya rududduge.

Tabawa ta dubi tokar ta ce, "Ka kyauta mata. Mu kuma sai ka faɗa mini wa zai kyauta mana." Ta juya gida.

Bayan kwana tara aka yi ruwan farko. Sarkin Fadama ya zo da jama'a. Bakin shinge ba kwando ko ɗaya. Ya shiga lambu, ya sunkuya ya damƙi ƙasa, ya sansana, ya daɗe bai ɗago ba.

Ya ce a hankali, "Ƙasar Cindo ta dawo."

Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, rani ɗaya nake roƙo."

"Ɗan Cindo, kwando goma na ce, kuma a gaban mutane na faɗa. Bara na karɓe na wani a kan wannan al'ada, yana kuka. In na tanƙwara ta dominka, da wane ido zan dube shi?" Ya karkaɗe hannunsa. "Jatau, ga lambunka."

Rani na gaba Jatau ya dasa albasa. Ta yi kai kamar ƙoƙo, har fatake suka zo daga nesa da raƙuma. Gari ya ɗauka: Jatau mai hannun albarka, ya taɓa mataccen wuri ya tashi. Ba wanda ya ambaci mangala da jaki. Kura da shan bugu, gardi da karɓar yabo.

Wannan bai yi wa Nomau ciwo ba kamar abin da ya biyo baya. Wani bafatake ya ce ramin kusurwa yana wari, Jatau ya cike shi. Ya tumɓuke ɗan gawon don ya sami wurin ƙarin fangali. Da ma shekarun da ya yi yana jira, lambun Nomau mai tsabta shi ne abin sha'awarsa. Ya sayi sabuwar tsintsiya.

Nomau ya hango hayaƙi ya sheƙo da gudu. "Taubashi, don girman Allah kada ka ƙone! Abincinta ne. Ka bar ni in riƙa yi maka takin, ba na son komai."

Jatau ya dogara da tsintsiya yana dariya. "Ikon Allah! Wanda lambu ya mutu a hannunsa shi zai koya wa wanda ya rayar da shi? Je ka wanke idonka, taubashi."

Washegari Nomau ya kawo kwandon ganye ya zuba ta kan shinge. Jatau ya share ya haɗa da nasa, ya cinna wuta, ya ɗaga murya ya ce, "Na gode da makamashi!"

Daga ranar Nomau bai ƙara zuba komai ba. Ya je wurin Sarkin Fadama ya ce a sa shi a ƙarshen sahun masu jira. Yana ban ruwa a lambunan mutane, kamar yadda Jatau ya yi a da. In ya tashi aiki sai ya ja jaki ya bi gari. A faƙon bayan gidansa ya tona rami, ya cika, ya barbaɗa ɗan abin da ya rage a ƙoƙo, ya tona wani.

Wata rana Tabawa ta kawo masa ruwa, ta tarar yana juya rami na huɗu. Ta ce, "Maigida, mutumin da ba shi da ko taku ɗaya na lambu, wa yake dafa wa wannan abinci haka?"

Nomau ya zare sanda daga cikin ramin, ya taɓa, ya ji da sauran zafi, ya mayar. Wani ɗan buzuzu ya fito daga gefe yana tura dunƙulensa. Can wajen fadama hayaƙin safiya ya miƙe sama, siriri, daga kusurwar da ya sani.

Ya share idanunsa da bakin riga, ya ce, "Ni shekara bakwai na yi kafin in kayar da ita. Jatau ya ci ɗaya, saura shida. Ranar da za ta sake faɗuwa, ko a hannun wa take, ina so a tarar da abincinta ya nuna."

Tabawa ta dubi ramin. Ta ajiye ruwan, ta koma ciki, ta fito da kwandon toka.

Iyakar abin da masu lambun Kurya suka riƙe na labarin ke nan. Ba su faɗi ko sahu ya sake zagayowa kan Nomau ba.